Yadda Na Koyi Cewa Na Ƙoshi

Da jirgi ya sauke mu a Alƙahira, takalmina ya ƙi shiga ƙafata. Na zauna ina kokawa da shi har fasinjoji suka watse, ƙafar ta kumbura suntum kamar an hura ta. Yayana Bello ya durƙusa ya gwada, ya ga ba hali, sai ya tuɓe nasa ya turo mini.

"Sa wanga, Luba, mu tahi," ya ce.

Haka ya shiga ƙasar Masar da safa kawai, takalmina a hannunsa, yana tafe gabana kamar ba abin da ya faru.

Ni haifaffiyar Gwandu ce, amma a Kalgo nake zaune, ina da rumfar abinci kusa da ƙofar jami'a. Tun da maigidana ya rasu ya bar ni da yara biyu, rumfar nan ce ta riƙe mu. Ita ce kuma ta kusa kashe ni. Ban taɓa zama na ce ga kwanona ba, saboda haka ban taɓa sanin yawan abin da nake ci ba. In ɗanɗana miya, in ɗanɗana wake, in kankare ƙanzon tukunya don kada a zubar, in kora da lemon kwalba saboda zafin murhu. Da yamma abin da ya rage a kula ni ce mai shi. A hankali jiki ya yi ta hawa, ciwon suga ya shigo, hawan jini ya biyo shi, gwiwoyi suka daina ɗaukata. Yarana suka ce in ina barci numfashina kan tsaya har su tsorata. Na gwada rage ci, na gwada ganyayyakin da ake talla, ba abin da ya zauna. A ƙarshe likitana na Birnin Kebbi ya ce akwai aikin da ake yi a rage girman ciki, kuma a irin halin da nake ciki ya kamata in yi tunaninsa da gaske. Shi ya sa na kai yara wurin Inna a Gwandu, Yaya Bello ya bar gonarsa da shanunsa a Ceberu ya rako ni.

Wanda ya tarye mu a filin jirgi wani ɗan ƙasarmu ne, dillalin marasa lafiya, mai zaƙin baki. Tun muna gida yake kirana "Hajiyata" a waya. Ya yi mana alkawarin masauki a jikin asibiti, mai na'urar hawa bene, da tafinta da zai riƙa bin mu ko'ina. Motar da ya saka mu ta yi ta tafiya har manyan tituna suka ƙare, muka shiga wata unguwa mai lunguna, shanya a kowace taga. Ya tsaya gaban wani tsohon bene ya nuna can ƙololuwa.

"Na kwana biyu ne kawai, Hajiyata, kafin a gyara muku wancan."

Ba mu sake ganinsa ba. Wayarsa ma daga ranar ta daina shiga.

Ba zan manta hawan benen nan ba. Kowane mataki sai na ji kamar ana soka mini ƙusa a gwiwa. In hau kaɗan in zauna, in hau kaɗan in zauna. Yaya Bello ya kai jakunkuna sama ya dawo ya zauna kusa da ni a kan matakala, bai ce mini in yi sauri ba, bai ce in yi haƙuri ba. Muna nan zaune wata ƙofa ta buɗe a samanmu, wata tsohuwa gajera mai baƙar doguwar riga ta leƙo. Ta dube ni, ta dafe ƙirji, ta koma ciki, sai ga ta da kujerar roba da ruwa a kofi. Duk inda na tsaya hutawa sai ta matsar da kujerar ta ajiye mini. Da haka muka isa. Ashe ƙofarta na kallon tamu. Sunanta Ummu Samir, mijinta ya rasu, ɗanta yana aiki a wata ƙasa.

Da yake tafinta ya bi iska, Larabcin Yaya Bello muka dogara da shi. Larabcin littattafai ne, wanda ya karanta a zaure gaban malaminsa a Gwandu. In ya tambayi direba hanyar asibiti, sai direban ya ƙyalƙyale da dariya ya ce yau ya ɗauko mai huɗuba. Amma suna gane shi, kuma da yawansu sai su ƙara girmama shi. Ni kuwa ɗan Turancin da na tsinta a bakin ɗalibai masu cin abinci a rumfata shi ya cece ni wurin likitoci.

Likitan da zai yi aikin ya zana mana hoton ciki a takarda, ya ja layi, ya nuna cewa babban ɓangaren za a cire, a bar siriri kamar ayaba. Yaya Bello ya daɗe yana kallon zanen. Shi mutum ne da ya san cikin dabba, ya sha feɗewa.

"Luba," ya ce a hankali, "tumbin za su yanke su yas? Ba ya komawa hwa."

"Na sani, Yaya."

"To. In kin yarda, na yarda. Allah shi sa a tashi lahiya."

Daga nan aka tura ni wurin likitar abinci, wata matashiya mai tabarau da ba ta wasa. Ta ciro wani finjali irin na shan gahawa ta ajiye a gabana. Ta ce aikin likita na rana ɗaya ne, nawa kuwa na sauran rayuwa. Da farko ruwa kawai, kurɓi kaɗan-kaɗan. Bayan haka romo da aka tace da nono marar tsami. Bayan haka abin da aka dama ya yi laushi. Sai can gaba abinci sosai, shi ma kifi ko ƙwai ko wake ne farko, a tauna har ya narke, ba a haɗa ci da sha, kuma da zarar na ji nauyi a ƙirji in tsaya ko da loma ɗaya ce ta rage. Na dubi finjalin nan, na tuna ludayin da nake zuba wa ɗalibai shinkafa da shi, wanda ya ninka shi, sai dariya ta kama ni. Ita ba ta yi dariya ba.

Aikin kansa ba ni da labarinsa da yawa. Na tuna fitilu, na tuna wata ma'aikaciya tana shafa goshina tana karanta Fatiha. Da na farka, Yaya Bello ne zaune a gefena da carbi, idanunsa jawur. Ya ce ƙurar garin ce ta shige masa ido, a ɗakin da ko taga ba a buɗewa.

Da aka sallame mu muka koma benenmu, sai na gane wahalar da ba wanda ya zana mini a takarda. Cikina ba ya jin yunwa ko kaɗan. Amma bakina yana ji, hannuna yana ji, zuciyata tana ji. In rana ta take, ƙamshin soyayyar albasa ya taso daga tagogin maƙwabta, sai in ji hannuna yana neman abin da zai kai baki. In na tuna yarana, abinci nake so. In na tuna maigidana, abinci nake so. Sai a lokacin na fahimci cewa tun rasuwarsa, duk sanda kuka ya taso mini, loma nake sawa in danne shi. Yanzu babu wurin sa lomar. Sai kukan ya riƙa fitowa abinsa, ina zaune da finjalin romo a hannu, ina tuna furar Ceberu mai sanyi a ƙwarya, da gasasshen kifin da masunta ke kawowa Kalgo daga bakin gulbi.

A kwanakin nan ban taɓa ganin Yaya Bello yana cin abinci ba. In na tambaya sai ya ce, "Na ci waje." Na lura kuma wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Likita ya ce in riƙa ɗan takawa, don haka wata rana da hantsi na buɗe ƙofa na fito ina dafa bango. A kwanar matakala na same shi, ya ba ƙofarmu baya, yana cin gurasa da wake a leda, da sauri-sauri kamar ɓarawo. Kusa da shi ga gorar ruwa da ɗan guntun sabulu. Ashe in ya gama sai ya wanke hannu da baki don kada in ji ƙamshi.

"Yaya, mi kake yi nan?"

Ya ɓoye ledar a bayansa. Mutum mai furfura a gemu, mai iyali.

"Iska nike sha."

Na zauna a matakin da ke samansa. Na ce, "Yaya, in mun koma gida tukwane zan koma wa. Shinkafa da miya da nama, tun safe har yamma, a gabana. In ban iya ganin kana cin gurasa ba, yaya zan yi da rumfa? Don Allah ka shigo ciki ka ci a gabana."

Ya shigo. Ya shimfiɗa ledarsa, na ɗauko finjalina. Yana ci kansa a sunkuye, ni ina kurɓa. Rannan ne na fara shanye romona ba tare da hawaye ba.

Ummu Samir kuwa ba ta gane abin da ke faruwa ba. Yaya ya gaya mata an yi mini aiki, ita kuma a saninta marar lafiya abinci yake buƙata. Kullum sai ta ƙwanƙwasa da faranti a rufe, Yaya ya karɓa ya yi godiya, ya ci abin da zai iya. Ranar wata Juma'a ya tafi masallaci, sai ga ta da faranti cike da ganyen kabeji da aka naɗe shinkafa da nama a ciki, yana turiri. Ta zauna a gefen katifata. Ta taɓa kumatuna ta girgiza kai, ta nuna hoton ɗanta a waya, ta nuna farantin, na gane cewa abincin da ya fi so ke nan. Sannan ta ɗauki ɗaya ta sa mini a hannu.

"Kuli, ya binti," ta ce. Wato ci, 'yata.

Lokacin ko abin da aka dama ban daɗe da farawa ba. Na san bai kamata ba. Amma a gidanmu an tashe mu a kan cewa babba ba ya miƙo maka abinci ka mayar masa da hannu. Ga tsohuwar da ta ɗauko mini kujera ranar da ba ni da kowa, ta tashi tun safe ta naɗe wannan abu ɗaya bayan ɗaya saboda ni. Kunya ta rufe ni. Na ci. Ta yi murmushi ta miƙo wani, na ci shi ma.

Ban kai ga haɗiye na biyun sosai ba na ji kamar an cusa mini dutse a ƙirji. Zufa ta keto, amai ya taso, yana zuwa yana dawowa, ko yawu na kasa haɗiyewa. Abin da ya zo mini a rai shi ne ɗinkin ya ɓalle. Likita ya faɗa mini in hakan ta faru, rai ake magana. Na ga fuskokin yarana. Na ce a zuciyata, na ƙetare ƙasashe don in rayu saboda su, ga shi zan mutu saboda kunya.

Ihun Ummu Samir ya tara mutanen benen. Maza huɗu da ban san ko sunansu ba suka ɗora ni a kujera suka sauko da ni, wani ya tsayar da mota, ita ta shiga ta rungume kaina a cinyarta. A asibiti aka yi hoto, aka sa mini ƙarin ruwa. Da likitan ya dawo ya ce ɗinki yana nan, Allah ya tsare, amma ya yi mini faɗa kamar ƙaramar yarinya. Yaya Bello ya iso a guje, hularsa a hannu. Ya dafa ƙarfen gado ya yi ta maimaita alhamdu lillahi.

A bakin ƙofa Ummu Samir take tsaye tana kuka, ta ƙi shigowa. Likitar abinci ce ta kamo hannunta ta zaunar da ita, ta zana mata cikin nan mai kama da ayaba, ta yi mata bayani da harshensu. Sannan ta juyo gare ni.

"Laifin ba nata ba ne," ta ce. "Za ki koma inda kowa yake son ki, kuma kowa zai miƙo miki abinci. In ba ki koyi cewa a'a ba, aikin nan bai amfane ki da komai ba."

Tun daga ranar Ummu Samir ta zama ta fi likitar tsanani. Ita ke dafa mini miyar wani ƙanƙanin wake ja, ta tace ta da ƙyalle. Ita ke kawo nono mai kauri, daga baya ƙwai mai laushi da kifin da ta mutsuttsuke da cokali ta cire ƙaya. Sai ta zauna ta zuba mini ido. In na ɗaga cokali da sauri ta riƙe hannuna. In na kai hannu ga kofin ruwa ina cikin ci ta ɗauke shi ta ɗora a kan taga. Ta koya mini kalmarsu ta ƙoshi, "shibi'it", a haɗa da hamdala, hannu a ƙirji. Wani lokaci da gangan take miƙo mini ƙari don ta gwada ni. In na dafa ƙirji na faɗi kalmar, sai ta tafa ta sumbaci goshina. Ni ma na koya mata tamu. Har muka taho ba ta iya ba, "na kushi" take cewa, mu yi ta dariya ina riƙe ciki don kada ɗinki ya yi zafi.

Ranar da za mu bar Alƙahira da ƙafata na sauko benen, sau ɗaya na huta. Ta biyo mu har bakin titi. Ba mu da harshen da za mu yi ban kwana da shi, sai muka rungume juna muka daɗe. Yaya Bello ya yi mata doguwar addu'a da Larabcinsa na zaure, wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Mun kwana Kalgo, washegari muka wuce Gwandu. Tun daga ƙofar gida mata suka fara salati. A wajenmu jiki alamar jin daɗi ne, rama kuwa alamar ciwo ko baƙin ciki. Yarana suka ruƙunƙume ni. Inna ta fito tana dogara sanda, ta kama damtsena ta matsa, ta shafa wuyana inda ƙashi ya fara nunawa.

"Bello," ta ce, "haka anka yi? Na ba ka ɗiya cikakka ka maido min rabi?"

"Lahiya ta samu, Inna. Sugan ma ya sauka."

Ba ta saurare shi ba. Tun da safe ta sa an tuƙa tuwon shinkafa, miyar kuka da busasshen kifi da man shanu, abin da na fi so tun ina yarinya. Aka shimfiɗa tabarma, ta turo mini kwano cike har baki. Na ɗauko ɗan farantin shayi na tsinci kifin na mutsuttsuke, na ɗiba tuwo kamar kan yatsa na jiƙa da miya. Kowa ya zuba mini ido. Na ci a hankali. Da na ji nauyin nan a ƙirji, na ajiye hannu.

"Ƙara, ɗiyata."

"Inna, na ƙoshi. Alhamdu lillahi."

"Wagga 'yar loma? Ko girkin gidanmu ne ba ki so yanzu?"

Na ji hannuna yana son komawa cikin kwanon, don kawai fuskarta ta saki. Na riƙe shi da ɗayan.

"Ina so, Inna. Ban taɓa jin daɗin tuwo kamar yau ba. Amma in na ƙara zai cuce ni. Ina son in daɗe ina cin girkinki, shi ya sa."

Ta janye kwanon. Yinin ranar ba ta sake yi mini magana ba.

Na yi niyyar in ɗan zauna Gwandu kafin in buɗe rumfa. Washegari da rana aka sake zuba abinci. Yara suka cinye nasu suka ruga waje. Matan gida suka gama suka kwashe kwanoni. Yaya Bello ya wanke hannu ya kama hanyar Ceberu. Ni ina nan da ɗan farantina, ina tauna, ina ajiye hannu, ina jira, kamar yadda aka koya mini. Da na ɗaga kai sai na ga ba ni kaɗai ba ce a tabarmar. Inna na can gefe da 'yar tasarta. Haƙoranta sun zube, sai ta gutsuri tuwo ɗan mitsitsi, ta jiƙa shi a miya ya yi laushi, ta sa a baki ta daɗe tana juya shi. Duk shekarun da nake zuwa gida ban taɓa ganin haka ba, domin ni ce ta farkon gamawa, ni ce ta farkon tashi.

Ta lura ina kallonta. Ta dubi farantina, ta dubi tasarta. Abin da ke ciki kusan ɗaya ne.

"Na daɗe ina ci ni kaɗai," ta ce. "Kowa shi gama shi tashi, shi bar ni da kaji."



Ta ɗauki tasarta da hannu ɗaya, ta dafa ƙasa da ɗayan, ta ja jiki har gwiwarta ta taɓa tawa. Ta tsinci wata tsoka ta kifi, ta laluba ta da yatsu ta zare ƙayar, ta raba biyu. Ta ɗora ƙaramin a bakin farantina.

"Wanga ya yi yawa?"

"Daidai ne, Inna."

"To ci sannu. Ba inda za mu."